Na Biyar Daga Hagu

Asabar

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da 'yarki da maigidanta da jikokin nan masu hana ki barcin rana. Yaya gwiwar? Direban da ya kawo saƙonki ya ce ya gan ki kina tafiya ba sanda, na ce masa ai don kin hango baƙo ne, yana juya baya za ki jawo abarki. Mu nan lafiya lau, uwar yara tana gaishe ki ƙwarai.

Kin yi ƙorafi na daina rubuto miki. Gaskiyarki. Wanda ya wuni yana rubuta wa ya saci me, wa ya sari wa, in ya dawo gida ko biro ba ya son gani. Waya kuma ba ta yi mana, ki ce "iye?", in maimaita, ki sake cewa "iye?", har mu rabu ba a faɗi komai ba. Amma yau akwai abin da ya tsaya min a rai, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ya faɗa min gaskiya sai ke.

Kin san a jarida nake, amma ba ki taɓa ganin yadda ake aikin ba. Duk ranar Litinin da hantsi 'yan sanda kan yi holin mutanen da suka kama a makon. Akwai wani bango a bayan ofishinsu, rabin fentinsa ya ɓare, a nan ake tsugunar da su a jere, a zube kayan da aka same su da su a gabansu. Kakakin 'yan sanda ya raba mana takarda mai sunayensu, a jere yadda suke tsugune daga hagu zuwa dama. Ni kuma in ɗauki hoto, in ƙirga kawuna, in ƙirga sunaye, in sun zo daidai shi ke nan, shafi na uku ya cika. Ranar Jumma'a jarida ta fito. Shekara ashirin da uku ke nan ina wannan ƙirga, har a gari an manta sunana, sai Mai Hoto.

Litinin da ta wuce masu fasa shaguna aka fito da su. Sunaye biyar a takarda, kawuna biyar a hotona. Na jera sunayen a ƙarƙashi, na biyar daga hagu na rubuta sunan da aka ba ni, na ƙara da "wanda aka fi sani da Gafiya" kamar yadda yake a takardar. Jiya aka buga.

Yau da safe wani mutum ya shigo ofis da jaridar a hannu. Gajere ne kakkaura, hannayensa duk tabon ƙuna. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya yi min ihu da ya fi min sauƙi. Ya shimfiɗa shafin a teburina, ya ɗora yatsa a kan na biyar, ya ce, "Malam, kai ne Mai Hoto? Wannan ni ne. Injin waldan nan da ke gabana nawa ne. Ni aka yi wa satar."

Yaya, ashe mai walda ne. Shagonsa na cikin waɗanda aka fasa, aka aika masa ya zo ya duba ko injinsa na cikin kayan. Daga bakin aiki ya taho, da singileti mai baƙin mai. Ya taɓa yi wa injin alama a ƙarƙashi, ɗigon walda uku, shi ne ya tsuguna a ƙarshen layin yana lalubawa. Yana ɗago kai ni kuma na latsa.

Na buɗe kyamara a gabansa. A hotuna biyu na farko mutum huɗu ne a jikin bango. A na uku, wanda na zaɓa, ga shi ya cike biyar. A na huɗu yana tsaye wani saje yana nuna masa inda zai sa hannu. Duk na ga waɗannan tun ranar Litinin, amma na ɗauki wanda ya yi daidai da takarda, na wuce. Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce aikinsa na shiga gidajen mutane ne, ya sa musu ƙofa, ya ɗaura musu ƙarfen taga, ya san inda kowace sakata take. Wa zai sake buɗe wa Gafiya gida? Sannan akwai wata makaranta da ta ba shi aikin ƙofofi da tagogin sababbin ajujuwa shida, aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Shugabar makarantar ta kira shi tun jiya, ta ce iyayen yara sun ta da hankali. Ta ba shi mako biyu ya kawo mata jaridar da ta wanke shi, in ba haka ba ta nemi wani, don an kusa komawa karatu.

Na yi masa alkawarin Jumma'a mai zuwa. Ya dube ni ya ce, "Allah ya kai mu," ya ninke jaridarsa ya fita.

Ki gaida yaran, ki kuma riƙa shafa maganin nan ko da ba kya jin ciwo.

Ƙaninki,
Auta

Lahadi

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida gida gaba ɗaya. Yaya ƙarfin jiki? An ce ƙaramin jikan ya fara tafiya, to ki ɗauke kwalaben maganinki daga ƙasa. Uwar yara ta yi mura amma ta warware.

Ba ki amsa takardata ba tukuna, na san kina jira ki ji ƙarshen zancen. To ga inda aka kwana.

Ranar Litinin na shiga wurin edita da hotunan huɗu. Mutumin kirki ne a hanyarsa, tare muka tsufa a ɗakin nan mai fanka ɗaya. Ya duba, ya cire tabarau, ya ce, "Ash! Abu bai yi daɗi ba. Ai muna da gurbin gyara, shafi na sha huɗu." Na ce da hoto? Ya ce, "Hoton me? Mu sake bugawa mu tuna wa waɗanda suka manta?" Na ce ba wanda ya manta, hoton yana yawo a wayoyin mutane. Ya ce in bari ya yi tunani. Editanmu in ya ce zai yi tunani, to waya zai buga.

Aikuwa washegari kakakin 'yan sanda ya aiko a kira ni. Yaro ne a kaina, amma shi ke riƙe da ƙofar bangon nan. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Baba Mai Hoto, kai babba ne, ba sai an yi maka dogon bayani ba. In ka buga cewa wannan ba shi ne na biyar ba, gobe wani zai ce to ina na biyar ɗin? Ka ga an ɓata aiki." Na ce to ina yake? Ya yi murmushi ya ce shayina zai huce. Da zan fita ya ƙara da cewa holin Litinin gayyata ce, ba dole ba ne a gayyaci kowa.

Kin san shafi na uku shi ke sayar da jaridar nan. Ba wanda ke saye don ya karanta farashin taki.

Laraba na je kotu, ranar da aka gurfanar da su. Ɗakin ya cika, ga zafi, ga mata a bencin baya kowace da ƙullin abincin da ba za a bari ta miƙa ba. Mutum huɗu aka shigo da su cikin ankwa. Magatakardar kotun tsohuwar sani ce, ta juyo min da takardar tuhuma, na ga suna na biyar an ja masa layi da jan biro. A waje wani ɗan sanda da muka saba ya raɗa min cewa tun daren Asabar aka buga takardar sunayen, ranar Lahadi kuma kawun Gafiya ya zo da wata babbar mota, suka tafi tare. Ba wanda ya tuna ya gyara takarda.

Alƙali bai yi minti biyar a kansu ba. Mai gabatar da ƙara ya ce fayil bai iso ba, aka ɗage zuwa wata biyu, aka mayar da su gidan yari. Mai walda yana wurin, ya zo da shaidar sayen injinsa, yana zaton za a ba shi abinsa. Aka ce masa injin ya zama shaida, sai an gama shari'a. Na san shari'ar da aka fara ina da baƙin gashi, har yau kekunan shaidarta suna bayan kotu, ciyawa ta fito ta cikin ƙafafunsu. Ban gaya masa ba.

Jumma'a gyaran ya fito. Bari in kwafo miki shi duka, ba zai gajiyar da ke ba: "A fitowarmu ta makon jiya an sami ɗan kuskure a bayanin hoton shafi na uku. Muna ba da haƙuri." Yana can ƙasan tallar katifa, ko ni da na san inda yake sai da na nema. Ba suna, ba hoto, ba a faɗi kuskuren ba. Kuma kada ki zagi edita shi kaɗai, ni na rubuta shi da hannuna.

Na gaji, Yaya. Ba gajiyar da barci ke magancewa ba. Saura min shekara biyu in ajiye aiki, kuma so nake in kai su lafiya ba tare da an nuna min ƙofa ba.

A gaida kowa da kowa.

Naki,
Auta

Jumma'a

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da gwiwa da komai. Takardarki ta iso. Layi uku kacal, ko gaisuwar uwar yara ba ki sa ba, ta ce in gaya miki ta lura.

Kin ce ba gajiya ke damuna ba, tsoro ne. Kin kuma tuna min ranar da Baba ya rasu, aka sami makullan gidaje goma sha ɗaya a aljihun rigar aikinsa, kuma ba maigida ko ɗaya da ya zo nema a firgice. Ina tune. Ni kika aika na mayar da su gida-gida. Baba kafinta ne, shi ma kamar mai walda ba shi da komai sai wannan yarda, na sani, ba sai kin ja layi a ƙarƙashi ba.

Na je shagon mai walda ranar Talata. Rumfar kwano ce a bakin hanya, an jingina ƙofofi biyu da masu su suka fasa karɓa. Wani abokin sana'arsa kan ara masa inji in ya tashi aiki, amma ba aikin. Ina zaune wasu yara suka zo wucewa, suka haɗa baki suka ce "Gafiya!", suka ruga. Bai ko waiwaya ba, da alama ya saba. Ya ce ya kai wa shugabar makaranta gyaran namu, ta karanta sau biyu ta ce, "Malam, wannan ai bai ce komai ba." Ta ce yau Jumma'a ce ranar ƙarshe.

Ni ke shirya shafi na uku, ni ke kai shafukan maɗaba'a ranar Alhamis bayan la'asar. Edita shafin farko kawai yake dubawa, sauran ya bar min tun da daɗewa. Jiya na shirya shafi biyu, ɗaya na holin wannan makon, ɗaya mai hoton nan na huɗu da cikakken bayani. Na tsaya a ƙofar maɗaba'a da su duka a jaka, na tuna shekara biyun nan, na tuna ƙaramar 'yarmu ba ta gama karatu ba. Na miƙa na holin.

Ba ni da abin da zan ƙara. Ki yi min faɗan, na cancanta.

Ƙaninki,
Auta

Lahadi

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa ta girmamawa, ina fatan jiki ya yi sauƙi, yara da jikoki duk suna lafiya. Ba ki rubuto ba, kuma na fahimci shirun. Tun muna yara shirunki ya fi bulalar Baba zafi.

Kwana tara ke nan da takardata ta ƙarshe. Ranar Litinin ban je holi ba, karo na farko ba tare da ciwo ba. Na ɗauki kyamara na nufi shagon mai walda, na gaya masa komai, har da tsayuwar da na yi a ƙofar maɗaba'a. Ya ci gaba da kankare wani ƙarfe. Da na nuna masa hoton da nake son bugawa, wanda yake tare da saje, sai ya girgiza kai. Ya ce, "A'a Malam. Duk hoton da ke da bangon nan a baya, mutane bangon za su gani. In za ka yi, ka ɗauke ni a nan, a tsaye."

Ya shiga ya wanke fuska, ya sa rigarsa ta fita, ya tsaya a jikin wata ƙofa da ya ƙera, hannayensa a sake kowa na gani. Na ɗaga kyamara sai na ji gwiwoyina suna neman lanƙwashewa da kansu, don shekara ashirin da uku ina rusunawa in daidaita da fuskar wanda ke tsugune. Sai da na miƙe sosai sannan ya shiga hoton gaba ɗaya. Na tambaye shi sunansa, na sa ya faɗa min harafi-harafi. Mako uku ina wahalar da mutum ban taɓa tambayar sunansa ba.

Alhamis na miƙa shafin. Wuri ɗaya, girma ɗaya da na farko. Na rubuta cewa wannan mutum shi aka yi wa sata, ya je gane injinsa ne, ni Mai Hoto na yi kuskure na sa shi cikin waɗanda ake zargi. Na ƙara layi ɗaya: mutum huɗu ne a holin, ba biyar ba.

Jumma'a kafin azahar kakaki ya cire sunan jaridarmu daga gayyata. Edita bai kore ni ba. Ya rufe ƙofa ya ce, "Haba Mai Hoto, da tsufanmu?" Daga gobe na koma shafin farashin kasuwa, ni ne mai takin da na raina. Game da na biyar kuwa, har yau ba wanda ya tambaya ina yake. Duk tsoron da aka ji, ba ko mutum ɗaya.

Da yamma muka ɗauki jarida ni da mai walda muka tafi makarantar. Tun daga bakin ƙofa muka jiyo ƙarar inji, muka hango tartsatsi a tagar aji na biyu. Shugabar ta fito, mace mai kamala, ta karɓi jaridar ta karanta a tsaye har ƙarshe. Ta ce, "Wallahi Malam na jira ka har Jumma'ar da ta wuce, har na ƙara kwana biyu. Da wannan ya fito a lokacin, da ba wanda ya isa ya ce min komai." Da shi take magana, amma ni maganar ta sama. Mako guda, Yaya. Makon da na tsaya a ƙofar maɗaba'a.

Shi kuwa ya matsa ya dubi tagar da aka gama, ya shafa ɗaurin waldar da yatsa, ya ce wa wanda aka ba aikin ya ƙara wuta a kusurwa don yara suna lilo da taga. Sannan ya juyo ya ce min, "Zo mu je gida. Tsohuwata ba ta karatu, hoto take gani. Tun da maƙwabciya ta nuna mata na farkon ba ta sake leƙa ƙofar gida ba."

Gidan ɗaki biyu ne a ƙarshen wani lungu. Tsohuwar tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta, 'yar ƙarama, shekarunta za su kai na Inna da tana raye. Na durƙusa na gaishe ta. Ɗanta ya buɗe mata shafin a cinya. Ta matso da shi kusa da ido, ta bi hoton da yatsa tun daga hula har takalmi, ta daɗe a kan hannayen. Sai ta ɗaga gefen tabarma ta zaro na farkon, ashe tana ajiye da shi, duk ya yi laushi don ninkewa. Ta jera su biyu.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ka ɗauki wannan?" Na ce ni ne, Mama. Ta ce, "Wannan ma kai ne?" Na ce ni ne.

Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, tambaya take yi tsakani da Allah. Ta ce, "To me ya hana ka ce masa ya tashi tun ran nan?"

Ta jira ni kaɗan, da ta ga ba amsa sai ta miƙa wa ɗanta tsohon shafin ta ce ya sa a murhu, ta ninke sabon, ta ce a miƙo mata mayafinta za ta shiga maƙwabta.

Kwana biyu ke nan ina neman amsar, Yaya, ban samu ba. In ke kina da ita ki rubuto min, ko layi ɗaya ne. Ki gaida 'yarki da maigidanta, ki shafa min kan jikoki. Uwar yara ta ce wannan karon kada ki manta da ita.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta